Macizai da ƙadangarun ƙasar Gombe da Bauchi: tambayoyin da aka fi yi da amsoshinsu

Duk shekara da zarar ruwan farko ya sauka hotunan macizai za su fara yawo a waya, wannan ya ce a bayan ɗakinsa ya kashe, wancan ya ce a gona, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum. Shi ya sa na tara su wuri guda na amsa, dan abin ya daɗe yana damuna: mutanenmu na mutuwa saboda rashin sanin macijin da ya kamata a ji tsoro, a gefe guda kuma muna ta kashe halittun da aiki suke mana kyauta.

Wai duk maciji ne yake da dafi?

A'a. A duniya akwai nau'in macizai kusan 4,000, masu dafi wajen 600 ne, waɗanda kuma dafinsu ke iya kashe mutum ko nakasa shi ba su wuce 200 da wani abu ba. A nan ƙasarmu guda uku ne suka fi cika asibiti da mutane, kububuwa da kasa da gamsheƙa. Da yawa cikin sauran, kaman siraran korayen nan da ke bin shinge da bishiya da kuma macijin gida mai ruwan ƙasa da ke bin ɓera, ba sa kisa. Amma fa dan Allah kar wani ya karanta wannan ya je yana ɗaukar maciji da hannu wai ya gane mara dafi ne, akwai wani ɗan ƙaramin baƙi mai shiga cikin ƙasa wanda ko ka riƙe shi ta bayan kai zai iya zaro haƙori ta gefen baki ya soke ka a yatsa.

Wanne ne ya fi yi mana ɓarna?

Kububuwa, wadda wasu ke kira gobe da nisa. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ƙanƙantarta, yawanci ba ta kai tsawon hannun babban mutum ba, santimita 30 zuwa 60 haka, launinta na ƙasa da ɗigo-ɗigon fari a gefe, in ta kwanta cikin tsakuwa ko busasshen ganye wallahi sai ka taka ta ba ka gani ba. Da rana tana ɓuya ƙarƙashin dutse, cikin ramin ɓera, ƙarƙashin damin dawa ko tarin harawa, da magariba ta yi sai ta fito neman abinci, tana cin ƙananan ɓeraye da ƙadangaru da kwaɗi harda kunama da shanshani. Ƙwai take sakawa.

Tana da wata ɗabi'a da ya kamata kowane manomi ya sani. In ta ji an matso ta, sai ta naɗe jikinta ta riƙa goga gefen fatarta da juna, ka ji wani sauti "shhhh" kaman an watsa ruwa a tukunya mai zafi. Wannan gargaɗi ne, in ka ji shi ka tsaya cak ka duba ƙasa ka ja da baya, dan saurin kai saranta ya wuce yanda mutum zai kauce.

Dafinta kuma jini yake hana daskarewa, a nan ne hatsarin yake. Mutum zai ga ƙafa ta kumbura kawai, ya ce ai da sauƙi, a shafa magani a kwanta, kwana ɗaya biyu sai dasashi ya fara zubar jini, tsohon miki ya buɗe, fitsari ya koma ja, wani kuma jinin a cikin ciki ko cikin kai yake zuba ba a gani. In ba a yi allurar kashe dafi ba, cikin mutum 10 da ta sara ɗaya zuwa biyu kan rasu, in kuwa an yi allurar da ta dace da wuri adadin kan faɗo ƙasa sosai. Ka ga kenan mutuwa ce da yawanta ake iya karewa da izinin Allah, shi ne abin da ya fi ci min rai.

Me ya sa sunan Kaltungo ke fitowa duk sanda aka yi maganar maciji?

Ƙasar ce ta dace da kububuwa. Kaltungo, Billiri, Shongom, Balanga, ƙasa ce ta duwatsu da tsakuwa da ciyawa da gonaki manne da gindin dutse, ga wurin ɓuya ga abinci, ga kuma jama'a manoma da makiyaya da ke shiga da ƙafa ba takalmi. Haka abin yake har zuwa wajen Alkaleri a Bauchi da kwarin Binuwai ta Taraba da Adamawa da Langtang a Filato. Shi ya sa asibitin saran maciji yake Kaltungo, kan hanyar Gombe zuwa Yola, kuma daga jihohin maƙwabta ma nan ake kawo mutane. Lokaci biyu ne gadaje suka fi cika, farkon damina lokacin sharar gona da shuka, sai kaka lokacin girbi da cirar gyaɗa da ɗaukar dami. Hukumar Lafiya ta Duniya sai a 2017 ta saka saran maciji cikin manyan cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, alhali ƙiyasinta ya nuna mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa duk shekara a duniya. Cuta ce ta talakan ƙauye, shi ya sa aka daɗe ba a waiwaye ta ba.

Kasa fa, da gaske ne ba ta gudu?

Gaskiya ne. Gajera ce mai kauri da faffaɗan kai, ita dabararta ta kwanta wuri ɗaya ta jira ɓera ya zo wucewa, tana iya yin kwanaki a haka, kuma in ta ji tafiyar mutum maimakon ta gudu sai ta ƙara lafewa tana dogaro da launinta. In abin ya ishe ta ta kumbura ta yi huci mai ƙarfi. Yawanci taka ta ake yi a kan 'yar hanyar ƙafa da dare. Dafinta na kawo kumburi mai tsanani da ruɓewar nama, in aka yi wasa har yanke ƙafa ake yi. Ita ba ta saka ƙwai a waje, 'ya'ya take haifa rayayyu, 20 ko 40 a haihuwa ɗaya ba abin mamaki ba ne, kuma kowanne da dafinsa tun ranar.

Wanda yake tofi a ido fa?

Gamsheƙa kenan, baƙin nan mai fasa kai, wasu su ce kumurci. Ba yawu yake tofawa ba, dafin ne yake fesowa ta 'yan ƙofofin da ke gaban haƙoransa, kuma ido yake nema, daga nisan mita 2 ko fiye yana samu. In ya sauka a fata mai lafiya ba komai, a wanke kawai. In ya shiga ido to a wanke da ruwa mai yawa nan take, a yi ta zubawa ana buɗe idon na tsawon lokaci, kar a murza, kar a ɗiga ruwan ganye ko wani abu mai zafi, sannan a tafi asibiti ko da raɗaɗin ya lafa, dan miki kan fito a ƙwayar idon daga baya ya makantar.

Shi ne ya fi sabawa da gidajen mutane saboda yana son kwaɗi da ƙwai da 'yan tsaki da ɓera. Yakan zauna a tsohon suri ko ramin bango, da dare ya shigo ɗaki, shi ya sa ake samun waɗanda ya sara suna barci a tabarma a ƙasa.

Mesa tana haɗiye mutum?

Abu ne mai wuyar faruwa ƙwarai. Ba ta da dafi, kama dabba take ta naɗe ta har jini ya daina zagayawa sannan ta haɗiye, babba kan kai mita 4 zuwa 5, abincinta gafiya da zomo da tsuntsaye, manya su kama ɗan akuya ko ƙaramar gada. Tana son kusa da ruwa da kogon dutse, irin bakin kogin Gaji a Yankari ko gaɓar Gongola wajen Dadin Kowa. Tana da wasu 'yan ramuka a leɓenta da take jin ɗumin jikin dabba da su cikin duhu, kuma uwar kan naɗe ƙwayayenta ta tsare su har su ƙyanƙyashe. Yanzu ma ta yi ƙaranci a wurare da dama saboda masu neman fatarta da kitsenta.

Me ke kawo maciji cikin gida?

Abinci da mafaka, ba wani abu ba. Inda hatsi ya zube akwai ɓera, inda ɓera yake maciji zai biyo. Akurkin kaji a jikin ɗakin kwana, tarin itace ko bulo da aka manta da shi, ciyawa har bakin ƙofa, ruwan da ke kwanciya bayan makewayi yana tara kwaɗi, duk gayyata ce. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to macijin ma ta tsagar nan yake bi. Sannan maciji jikinsa ba ya haɗa ɗumi da kansa, yanayin waje yake bi, lokacin zafin Maris da Afrilu yana neman sanyi kusa da randa, lokacin hunturu ya shige rami ya rage motsi, in ambaliya ta cika masa rami kuma dole ya hau tudu inda mu ma muke.

In ka kashe maciji matarsa za ta zo ramuwa?

Babu wannan. Maciji ba ya ɗaukar hoton mutum a ido, ba ya kuma zaman aure. Abin da ke sa a ga na biyu bayan an kashe na farko, wurin ne ya dace da su, ko kuma lokacin barbara ne namiji yana bin warin da mace ta bari a ƙasa. Da harshen nan mai reshe biyu yake ɗebo wari ya kai wata gaɓa da ke rufin bakinsa, harshen ba ya sara kuma ba dafi a jikinsa. Ba shi da kunne a waje, girgizar ƙasa ya fi ji, dan haka taka ƙasa da ƙarfi da buga sanda sun fi ihu amfani. Abu ɗaya da yake gaskiya cikin labaran da ake bayarwa shi ne kan maciji da aka sare yana iya cizo ko bayan wani lokaci, kar a bar yara su yi wasa da shi.

To wane amfani maciji yake da shi da za a ce kar a ƙarar da su?

Na san wanda ya binne ɗansa saboda kububuwa wannan tambayar ma ciwo za ta yi masa, kuma ba na ganin laifinsa. Amma mu duba gona da rumbu. Ɓera mace na haihuwa sau da yawa a shekara, 'ya'yan ma cikin 'yan watanni sun fara nasu, su tone irin da aka shuka, su ci gyaɗa tun tana ƙasa, su huda buhu su yi fitsari a kan hatsi. Kyanwa da mujiya suna kamawa a fili, amma mai iya bin ɓera har cikin raminsa ya cinye shi da 'ya'yansa maciji ne. Ga kuma zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na Borno, wani nau'in ɓera mai nonuwa da yawa ne ke ɗauke da ƙwayar cutar yana zubarwa a fitsari da kashi, kuma Bauchi na cikin jihohin da suka fi fama da ita duk rani. Ba ina cewa maciji ne maganin Lassa ba, tsafta da rufe abinci su ne gaba, amma duk wanda ke rage mana ɓera yana ɓangarenmu.

Shi ya sa ƙona daji da samari ke yi da rani dan farautar gafiya yake ban takaici, wuta ta cinye macizai marasa dafi da ƙadangaru da ƙwayayensu, masu dafin da suka tsira kuma su nufo gari. Ko dafin kansa da amfaninsa, daga binciken dafin wani maciji na Barazil aka samo hanyar haɗa captopril, maganin hawan jini, kuma ita allurar kashe dafi ai da dafin ake yin ta, a riƙa ba doki ko tunkiya kaɗan-kaɗan har jininsu ya haɗa garkuwa sannan a tace.

Su kuma wa ke cin su?

Tunku, dage, shaho da mikiya, burtu, guza, har macizai 'yan uwansu, gamsheƙa ma yana cin wasu macizan. Kaji da zabi kan tsattsage ƙanana. In aka ƙarar da tunku da burtu a daji to an cire masu rage macijin ne.

Me ya sa wani ƙadangaren kansa ja ne, kuma me yake nufi da gyaɗa kai?

Jan gwada shi ne namijin da ya mallaki wurin, bango ɗaya ko bishiya ɗaya da mata da 'yan ƙanana a ƙarƙashinsa, sauran mazan kan zauna da dusasshen launi kaman mata dan kar ya far musu. Ka lura da shi da sassafe, launinsa a dushe yake, sai ya sha hantsi jiki ya yi ɗumi sannan kan ya yi ja jikin ya yi shuɗi-baƙi. Gyaɗa kan da ɗaga ƙirji sanarwa ce ga wani namiji cewa nan da mai shi, ga mace kuma neman aure, in gargaɗi bai yi ba sai faɗa da bulalar wutsiya. Macen tana tona ɗan rami a ƙasa mai laima da damina ta saka ƙwai kaman 5 zuwa 7 ta rufe. Wani abin sha'awa, a kan wannan ƙadangaren namu na bango ne wata mai bincike, Madeleine Charnier, ta fara nunawa a Dakar a 1966 cewa zafin ƙasar da ƙwai ke ciki na iya sa ɗan ya fito namiji ko mace. Abincinsa tururuwa, gara, fara, ƙwari, ranar da shinge ya fito kuwa ka ga yanda suke wawaso. Illarsa ɗaya kashinsa, yana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa, dan haka a rufe randa da tulu, a kula da shanyar gari da kuɓewa.

Tsaka da kulɓa suna da dafi?

Ba su da shi. Mun taso ana cewa in tsaka ta taɓa abinci ko ta bi jikin mutum za a yi ciwon fata, kuma kulɓa in ta ciji mutum sai kabari, amma a likitance babu dafi a jikin ko ɗaya. Abincin da tsaka ta faɗa ciki a zubar saboda ƙazanta, kaman yanda za a yi in kyankyaso ne. Maganar hukuncinta a addini kuwa ta malamai ce, a tambaye su. Abin da ido ke gani dai, da dare tana bakin ƙwan lantarki tana kama sauro da ƙwari, tana tafiya a silin saboda wasu ƙananan gashi dubbai da ke tafin ƙafarta, in an kama ta ta yar da wutsiya tana motsi ita ta tsere, daga baya wata ta tsiro. Kulɓa kuma santsin jikinta da ƙyalli da gajerun ƙafafu ne suka sa ake haɗa ta da maciji, ƙwari take ci cikin ganye da shara.

Damo da guza abu ɗaya ne?

Dangi ne amma kowa da wurinsa. Guza na bakin ruwa ne, dogo mai ɗigon rawaya, yana iya kai mita 2, gwanin iyo da hawa bishiya, yana cin ƙaguwa da kifi da kwaɗi da mushe, kuma shi ne babban mai tone ƙwan kada. Damo na tudu ne, gajere mai kauri, abincinsa dodon koɗi da ƙadandoniya da fara da kunama, da damina yake cika cikinsa ya tara kitse, rani na shigowa ya shige rami ko kogon bishiya ya yi watanni kusan ba ci, ba banza aka ce masa sarkin haƙuri ba. Ana cin namansu, ana rufa goge da fatarsu, ana kuma fita da fatun waje, matsalar ita ce an fi kama su da damina daidai lokacin da matan ke ɗauke da ƙwai. In an rutsa su suna cizo da bulala da wutsiya, a wanke ciwon sosai a je a duba.

Hawainiya fa?

Ba ta cutar da kowa. Launinta ya fi bin zafi da sanyi da fushi ko tsoro, ba wai duk rigar da ta gani take kwaikwaya ba. Idanunta kowanne na juyawa nasa gefen, harshenta ya kai tsawon jikinta, da shi take cafko fara daga nesa. In ka gan ta tana tsallaka hanya ka bar ta ta wuce.

Maciji ya sari mutum, me za a yi a mintunan farko?

A janye shi daga wurin, a kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo da awarwaro da takalmi kafin kumburi. A sa kara ko katako a tallafe ƙafar ko hannun kaman ɗorin karaya dan kar ya riƙa motsi, a ɗauke shi, kar ya yi gudu, in mashin ne wani ya zauna bayansa ya riƙe shi. Kai tsaye asibiti.

Kar a ɗaure da roba ko igiya tamau, wannan ɗaurin ya jawo an yanke ƙafafun da dafin kansa bai kai ya lalata ba. Kar a tsaga da reza, musamman saran kububuwa da jini ba zai tsaya ba, kar a tsotsa, baƙin dutsen nan ma ba ya zuƙe dafin da ya riga ya shiga jiki. Kar a ba shi asfirin ko ibuprofen ko diclofenac dan suna ƙara zubar jini, farasitamol ya isa. Kar a ɓata lokaci wajen farautar macijin, in an samu hoto daga nesa to, in ba a samu ba likita zai gane daga alamu, akwai gwaji mai sauƙi da ake zuba jini a kwalbar gilashi a ajiye minti 20, in bai daskare ba an san inda aka dosa. Akwai allurai irin EchiTAb da aka haɗa musamman da dafin macizan Najeriya, dan ba kowace allurar kasuwa ce ke aiki a kan kububuwarmu ba, wadda aka yi dan macizan Indiya ba ta yi mata.

Na san za a ce ai wane mai magani ya warkar da wane. Sau da yawa maciji kan sara bai zuba dafi ba, ko kuma mara dafi ne tun farko, irin waɗannan ko ba a yi komai ba za su warke. Addu'a a yi ta a kan hanya, amma kar a kwana a gida ana jiran a ga abin da hali zai yi.

Yaya mutum zai kare kansa ba tare da ya bi duk maciji da sanda ba?

Dogon takalmin roba lokacin sharar gona da girbi, ko da zafi, dan yawancin sara a ƙafa ne ƙasa da gwiwa. Kafin ka ɗaga dami ko harawa ka juya shi da sanda ko lauje, kar ka zura hannu a rami ko suri, yara masu tonon gafiya da kamun ɓera a ja musu kunne sosai. Tocila da dare ko fitsari za ka fita, fitilar waya ma ta yi. A kwana a kan gado cikin gidan sauro a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma. A nisanta rumbu da akurki da ɗakin kwana, a toshe ramuka, a share ciyawa kewayen gida. In ka haɗu da shi a daji ka ba shi hanya, mutane da yawa garin kisa aka sare su. In kuma cikin ɗaki ne, a fitar da yara, a buɗe masa ƙofa a tsaya nesa, in gamsheƙa ne a kare ido, a kira wanda ya saba da aikin. Sannan tun kafin damina kowane ƙauye ya san asibitin da ke da allurar a kusa da shi, da lambar mai mashin ko motar da za a kira in abin ya faru cikin dare.